Abin Da Na Tsinto A Babbar Kasuwa



Da aka sanar cewa ni zan yi jawabi bana, na san da yawanku sun zaci zan tsaya a kan tsadar rayuwa ko halin da ma'aikata ke ciki. To, sai ga shi na zo da zancen fim. Na ga wasu malamanmu sun fara duban juna, watakila sun tuna yadda suke koro mu daga gidan kallo ranar Asabar. Ina roƙon iyayenmu su ajiye bulala tukuna, su ba ni aron kunnuwansu.

Kun dai tuna, muna makaranta fim iri uku muka sani bayan na Hausa: Indiya, Amurka, sai kuma Chanis. Duk wanda ya yi tsalle ya kai naushi, Chanis ne a wurinmu, ba ruwanmu da ƙasarsa. Ko katun ɗin Voltron da ake nunawa a talabijin, ban san asalinsa daga Japan yake ba sai da na girma.

A watan Maris na 2021, kamar yadda kuka sani, gobara ta cinye shaguna masu yawa a Babbar Kasuwar Katsina. Bayan 'yan watanni na je gaida wani abokin karatunmu da abin ya shafa. Kusa da inda ya sake zama akwai wani yaro mai tura fina-finai a waya. Na ce ya sa mini wani na takobi in rage dare. Ya ce, "Yallaɓai, akwai wani tsohon Chanis baƙi da fari, ba mai tambayarsa, in kana so kyauta ne." Ashe Seven Samurai ne, wanda Akira Kurosawa ya shirya a Japan a 1954, mai tsawon minti 207.

Labarin wani ƙauyen manoma ne da 'yan fashi ke afka wa duk lokacin da aka yi girbi, su kwashe hatsi, su tafi da mata. Da tura ta kai bango, manoman suka nemo mayaƙa bakwai, ba su da abin biyansu sai abinci. Su ba baƙin shinkafa, su kuma su ci gero. Jama'a, ina kallo ina tuna 'yan'uwanmu na Batsari da Safana da Jibiya. Abin da ya fi kama ni, Kurosawa bai mai da kowa mala'ika ba. Ya nuna cewa manoman nan ma sun taɓa kashe mayaƙan da suka gudo daga fagen fama, suka ɓoye sulkensu, ya kuma nuna cewa zaluncin masu makamai ne ya kai su ga haka. A ƙarshe an ci nasara, amma huɗu daga cikin bakwai ɗin suna kabari. Masu son Indiya kuma su sani, Sholay na 1975, da Gabbar Singh ɗinsa, daga wannan rijiya ya sha ruwa, haka ma The Magnificent Seven na Amurka na 1960.

Daga nan na shiga neman sauran ayyukan mutumin, har na faɗa kan Ikiru na 1952. Wannan kam ni ya tsokana. Wani ma'aikaci ne mai suna Watanabe, ya yi shekara 30 a ofis yana buga hatimi, bai taɓa fashi ba, bai kuma taɓa kammala wani abin kirki ba. Matan wata unguwa suka kawo kuka a kan wani kududdufi mai sa 'ya'yansu ciwo, aka riƙa tura su daga wannan ofis zuwa wancan har suka dawo inda suka fara. Sai Watanabe ya gano yana da ciwon daji a ciki, kwanansa ya ƙare. Ya ɗauki takardar matan nan ya bi ta ofis-ofis, ana wulaƙanta shi yana haƙuri, har aka cike wurin aka mai da shi filin wasan yara. A zaman makokinsa abokan aikinsa suka yi ta rantsuwa za su yi koyi da shi. Da suka koma ofis, kowa ya ci gaba da halinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, a daren nan barci ya ƙi zuwa. Akwai takardar wata unguwa a kan magudanar ruwa da ta yi wata biyar a teburina, ba don komai ba sai don ba wanda ya zo ya matsa mini. Da safe na ɗauke ta da hannuna na kai ta gaba, na kuma riƙa bin sawunta. Ban zo nan in yi alfahari ba, domin wata biyar ɗin nan suna wuyana. Na faɗa ne saboda rabin waɗanda ke zaune a ɗakin nan muna da teburi, kuma kowane teburi yana da irin wannan takarda.

Sai katun, wanda muke ɗauka abin yara ne. A 1988 Isao Takahata na kamfanin Studio Ghibli ya fitar da Grave of the Fireflies, labarin wani yaro ɗan shekara 14 da ƙanwarsa 'yar shekara 4, waɗanda suka rasa mahaifiyarsu sa'ad da jiragen Amurka suka ƙona birnin Kobe a 1945. Suka koma wurin wata 'yar'uwa, ta fara yi musu gorin abinci, suka fice, yunwa ta kashe yarinyar. Wanda ya kalli wannan, da wuya ya sake wuce yaran 'yan gudun hijira a bakin kasuwa kamar bai gan su ba. Abokin aikinsa Hayao Miyazaki ya yi Spirited Away a 2001, wanda ya ci kyautar Oscar a 2003. Akwai iskoki da dodanni na al'adarsu a ciki, kamar yadda tatsuniyoyinmu ke da Dodo da Gizo, amma gundarinsa shi ne illar kwaɗayi da darajar aiki.

Hatta waɗanda suka yi kama da shirme suna da ma'ana. Godzilla na 1954, ƙaton dodon da ke rusa birnin Tokyo, gwajin bam ɗin nukiliya ne ya tashe shi, kuma an yi fim ɗin shekara 9 kacal bayan Hiroshima da Nagasaki. Tampopo na 1985 kuwa, wani direban babbar mota ne ke taimakon wata gwauruwa ta gyara miyar taliyar da take sayarwa, amma an tsara shi kamar fim ɗin kaboyi. Sai dai wannan na manya ne.

A nan zan ja kunne. Ba duk abin da ya fito daga Japan ne ya dace da tarbiyyarmu ba. Akwai katun masu zubar da jini da tsiraici waɗanda ba a yi su don yara ba, kuma suna cikin wayoyin ƙannenmu muna cewa ai katun ne. Uba ya fara kallo kafin ɗansa ya kalla.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, mu nemi izinin hukumar makaranta, sau ɗaya a kowane zango, a nuna wa ɗaliban manyan azuzuwa fim guda da malamai suka tantance, sa'an nan a tattauna, su yi rubutu a kai. Karanta fassarar Turanci da ke ƙasan allo ma kanta darasi ce. Ni na ɗauki nauyin aro na'urar haskawa da kuɗin man janareta na zangon farko. Ina kuma roƙon mu fara da Ikiru, mu manya mu zauna a layin gaba.

Malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Waɗanda ke raye, Allah Ya saka musu da alheri. Allah Ya zaunar da jiharmu lafiya, Ya mai da 'yan'uwanmu gonakinsu.