Zuƙar Iska a Cikin Injin Mota

Kowa a cikinku ya san ƙahon wanzami. In ya tsotse iskar da ke ciki, sai ƙahon ya kama fata tam, amma in da 'yar huda a jikinsa, ko kusa ba ya kamawa. To, injin mota mai shan fetur haka yake.

Sa'ad da fistin ya yi ƙasa cikin silinda don shan iska, sai ya zuƙo ta. A kan hanyar iskar nan kuwa akwai wani ɗan murfi wanda totur ke buɗewa. In ba ka taka totur ba, murfin kusan a rufe yake, saboda haka iska ta kan yi ƙaranci a bayansa, zuƙa ta yi ƙarfi. Masu ƙera mota ba su bar zuƙar nan ta tafi a banza ba. Sun ja ta da tiyo na roba zuwa birki, ita ce ke taimakon ƙafarka in ka taka.

Roba fa ba ta jimrin zafi, tana bushewa ta tsage. Da ta tsage sai iska ta riƙa satar hanya, ta rinjayi fetur. Sa'an nan ka ji inji yana rawa, ko yana gudu shi kaɗai, birki kuma ya yi tauri. Sau da yawa a kan ɗora wa fulogi laifin, a sayi sabo, alhali kuwa lafiyarsa lau.

Ga yadda za ka gane. Ta da inji, ka kasa kunne ko za ka ji wani huci siriri. Bi tiyo ɗaya ɗaya kana yayyafa ruwa, ka yi nesa da fanka. Inda muryar inji ta sāke, nan hudar take. Don gwada birki kuwa, kashe inji, ka taka sau biyar har ya yi tauri, ka riƙe, sa'an nan ka tayar. In ya ɗan nutse, zuƙa tana isa gare shi.

Makanikai suna da ma'auni mai allura. Inji mai lafiya, in yana aiki ba a taka totur ba, ya kan nuna inci 17 zuwa 22 a ƙasar bakin teku. A kan tudu kamar Jos sai ya ragu da misalin inci 4, don iskar can ba ta da nauyi, ba don inji ya lalace ba.