Jawabi A Kan Kifayen Teku Masu Juya Haske

Yau ina so in ba ku labarin waɗansu kifaye na cikin teku, da irin launin jikinsu, da yadda idonsu ke gani. Amma kafin in kai ga kifi sai mun fara da haske, gama in ba a san sha'anin haske ba, ba a gane na launi.

Ku dai kun san bakan gizo. To, launukan nan nasa duk a cikin hasken rana suke, gauraye. In hasken ya shiga ruwan teku, sai ruwan ya riƙa shanye su ɗaya bayan ɗaya. Ja shi ke fara ɓacewa. Kafin a nutsa mita 10, watau kamar gaba shida, galibinsa ya tafi. Sa'an nan ruwan goro ya bi, sa'an nan rawaya. Shuɗi shi ke jurewa har can ƙasa. Saboda haka in mutum ya nutsa da jar dara a kansa, in ya yi zurfi sai ya ga ta koma baƙa. Ba rininta ya zuba ba, jan hasken da za ta mayar wa ido ne babu.

Don haka da masana suna tsammani ja ba shi da wani amfani ga kifi a zurfin nan. Amma wani malami na jami'ar Tubingen a ƙasar Jamus, ana ce da shi Nico Michiels, ya nutsa cikin Bahar Maliya, tekun nan da ke tsakanin Sudan da Jidda. Ya sa wani gilashi a fuskarsa wanda ba ya barin kome ya wuce sai ja. Maimakon duhu, sai ya ga ja yana ƙyalli nan da can, har a idanun ƙananan kifaye. A shekarar 2008 shi da abokan aikinsa suka ba da labarin iri 32 na kifi masu wannan hali. A 2014 kuma waɗansu masana na Amurka suka ƙidaya fiye da iri 180.

To, ina suka sami jan, tun da ruwa ya shanye na rana? Ga yadda abin ya ke. A jikinsu akwai wani sinadari mai karɓar shuɗin haske, ya juya shi, ya mayar da shi ja, ko kore, ko ruwan goro. Kada ku gama su da ƙwaron nan mai wuta da ke tashi da dare a damina. Shi wutarsa tasa ce. Su kuwa kifayen nan rance su ke yi: su ranci shuɗi, su biya da ja. In an sa su a baƙin duhu ba su haskaka kome.

Sauran magana ita ce, su kansu suna ganin wannan ado? Idon ɗan Adam yana da iri uku na ƙwayoyin gane launi. Waɗansu kifaye suna da huɗu, har suna ganin launin da mu ba mu gani. Waɗansu kuma akwai rawaya-rawaya a idonsu, wadda ke rage shuɗi, sauran launuka su fito sarai.

Ga wata dabara da aka yi a Tubingen, aka ba da labarinta a 2014. Aka sami namijin wani ɗan kifi mai jan ƙyalli a ka, aka ajiye masa madubi. Da ganin kansa sai ya taso da faɗa, kamar zakara ya ga ɗan'uwansa. Da aka tare jan ƙyallin da gilashi, sai fushinsa ya ragu. Ashe da jan nan ya ke gane abokin gaba.

Akwai kuma wani ƙaramin kifin shak a bakin tekun Kalifoniya, wanda ke haɗiyar ruwa ya kumbura in ya ji tsoro. Mu a wurinmu launinsa kamar ƙasa ya ke. A 2016 masana suka shirya kyamara mai gani irin ganinsa, sai ga zane kore fes a jikinsa, wanda ke ƙara fitowa in an ƙara zurfi.

Amma fa hasken nan ba shi da ƙarfi, sai a kusa a ke ganinsa. Shi ya sa masana suka rabu: waɗansu suka ce alama ce tsakanin kifaye, waɗansu suka ce ga iri da yawa sajewa ne kurum da murjani, wanda shi ma ya kan yi ƙyalli haka.

Abin lura a nan, jama'a, mutane da yawa sun nutsa cikin tekun nan ba su ga jan nan ba, alhali yana nan gabansu. Saboda haka kada mutum ya ce abu babu don idonsa bai gan shi ba. Iyakar jawabina ke nan. Allah ya ƙara mana sani, amin.