Babur Mai Lantarki: 48V, 60V Ko 72V?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, ya rubuto yana cewa tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mai ke cinye masa riba, shi ya sa yake son sayen babur mai lantarki. Sai dai a shago an nuna masa mai 48V da 60V da 72V, mai kaya kuma ya ce mai 72V ya fi nisan zango. Ko gaskiya ne?

To, Malam, da gyara. Wannan harafi na V ana ce masa bolt, shi ne ƙarfin turin wuta, kamar yadda injin ban-ruwa ke tura ruwa a tiyo. Mai 72V ya fi gudu, ya fi jan kaya a hawa da cikin yashi. Amma nisan tafiya, wannan sai ka duba wata lamba da ke jikin batirin, mai Ah a gabanta, ita ce girman tankin. Ninka lambobin biyu za ka yi. 48V da 20Ah ya ba ka 960. 72V da 20Ah kuwa 1,440. To amma 60V da 32Ah, 1,920 ke nan. Ka ga mai 60 ya wuce mai 72, wannan kuwa mai kaya ba lalle ya gaya maka ba.

Sannan in batirin dalma ne, kowane guda 12V ne. Mai 48V guda huɗu ke cikinsa, mai 72V shida. Ran da suka gaji, gaba ɗaya ake canzawa, don tsoho ɗaya kan ja sababbi ƙasa. Ka sa kuɗin shida a lissafi tun yau. Batirin litiyom ya fi sauƙin nauyi da ƙarko, sai dai tsada.

Ga mai zirga-zirga cikin gari, 48V ta wadatar. Kai da ke ɗora buhu zuwa kasuwar ƙauye, ni dai 60V mai babban Ah zan ba ka shawara.

Abin da muke roƙo, kada a yarda bakanike ya ƙara batiri kan babur mai 48V wai don ya yi gudu, akwatin da ke raba wuta zai iya ƙonewa. Kada kuma a ari cajar maƙwabci sai lambarta ta dace da ta batirinka. A yi caji a inuwa, bayan batirin ya huce daga tafiya.