ALGUS DA JABUN KAYA A KASUWANNINMU

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, zancenmu na yau a kan jabun kaya ne. Mun san akwai jabun man shafawa, da jabun wayar wuta mai haddasa gobara, da jabun takin zamani wanda manomi ba ya gane shi sai damina ta yi nisa. Amma za mu fi tsayawa kan magani, domin a nan ne algus yake zama kisan kai.

A shekarar 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan an ba su ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba, irin wanda ake sa wa cikin man birki. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC, amma a 2008 gubar nan ta sake dawowa cikin My Pikin, maganin fitar haƙori, ta kashe yara sama da 80. Ƙoda take lalatawa, fitsari ya ɗauke. Iyaye mata da hannunsu suka ɗura wa 'ya'yansu, suna neman musu sauƙi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! A Nijar kuwa, lokacin annobar sanƙarau ta 1995, an yi wa dubban mutane allurar riga-kafi ta jabu, suka koma gida da zaton sun tsira.

Mun saba ɗora laifi kan masu masana'anta da masu fasa-ƙwauri. To, amma ta hannun wa kayan suke isa unguwa? Ta hannun mai kemis ne da mai talla a tasha, waɗanda muke haɗa sahu da su a masallaci. Idan an yi magana sai mutum ya ce, ai ni ma sarowa na yi. Alhali ya ga kwalin da ya kamata a sara a naira dubu an ba shi a ɗari huɗu, bai tambayi dalili ba, domin ya san amsar.

Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata masa don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Wannan fa abinci ne da ruwan sama ya taɓa. Ina ga wanda ya dunƙula alli ya kira shi maganin zazzaɓin cizon sauro?

Wasu 'yan'uwa sun tambaye mu game da wanda ya riga ya saro kayan kafin ya gane. Ba ya halatta ya sayar, ko da a rahusa, kuma ba ya halatta ya tura wa ɗan ƙauye da bai iya karanta kwali ba. Ya kai wa hukuma, ya faɗi inda ya saro, ya haƙura da uwar kuɗin.