Amsar Wasiƙa: Wane Sikeli Ya Dace Da Masunci?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani masunci a Yawuri, can bakin ruwan Kainji. Ya ce da can da kwando suke ciniki, yanzu kuwa dillalan kifi sun koma awo da sikeli, kuma kullum sikelin na dillali ne. Ya ce shi dai jikinsa na ba shi ana ƙwararsa, amma ba shi da hujja. Yana so ya sayi nasa, shi ne yake tambaya wane iri zai saya, kuma ta yaya zai gane na ƙwarai.

To, malam, mun gode da wannan wasiƙa. Kafin mu je ga saye, bari mu yi ɗan lissafi. A ce sikeli yana cinye maka giram 100 a kowane kilo. In ka kawo kilo 30, ka yi asarar kilo 3 ke nan. A kwana goma, ka yi wa wani kamun yini guda kyauta. Ka ga ashe maganar ba ƙarama ba ce.

Sikelin da ake samu a kasuwa iri uku ne. Akwai na ratayawa mai ƙugiya, mai fuska kamar agogo. Akwai na ajiyewa kan tebur mai faranti. Sai kuma mai batir, wanda ke nuna lamba. Biyun farko da sifirin suke aiki, wato naɗaɗɗiyar wayar nan ta ƙarfe da ke ciki. Ba ruwansu da batir, suna da juriya, amma tsatsa na riƙe su, kuma in ana ɗora masu abin da ya fi ƙarfinsu, sifirin ɗin zai saki su fara ƙarya. Mai batir ya fi nuna awo dalla-dalla, sai dai ba ya shiri da ruwa, kuma in batir ya yi sanyi lambarsa ba abin dogara ba ce.

Kada ka ce bari ka sayi mafi girma don ya yi maka kowane aiki. Sikeli mai kilo 100, galibi tsakanin zane da zane rabin kilo ne. In ka rataya masa tarwaɗa mai kilo 2, ai sai dai a yi kintace. A wasan kamun kifi na Argungu, inda kifin da ya ci gasa a 2005 ya kai kilo 75, dole a nemi babban sikeli. Kai kuwa dubi abin da ka saba kamawa. In ƙarfasa da tarwaɗa kake sayarwa ɗaya-ɗaya, mai kilo 10 ko 20 ya ishe ka. In kwando-kwando ne, nemi mai kilo 50, yadda kayanka za su riƙa tsayawa wajen tsakiyar awonsa.

Yanzu ga babbar maganar, ka buɗe kunne. Lita ɗaya ta ruwa, nauyinta kilo ɗaya ne, ko a Yawuri ko a Baga ko a Ingila. Wannan shi ne alƙalinka. In za ka saye, tafi da robar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi wadda ba a buɗe ba. Ya kamata ta nuna kilo ɗaya da rabi, da ɗan abin da ba a rasa ba na nauyin roba. Sannan ka gwada da abu mai nauyi, kamar jakar fiya-wata mai ƙulli 20 na rabin lita, wadda ke kusan kilo 10. Ga babban sikeli kuwa, buhun siminti kilo 50 ne. Ɗora, sauke, sake ɗorawa har sau uku. In ya faɗi magana uku daban-daban, ajiye masu kayansu. Wannan gwajin kana iya yi wa sikelin dillali ma, cikin raha, ba tare da an ɗaga murya ba.

Wajen awo kuma, ga abin kiyayewa. Ka tabbata allura tana kan ziro kafin a ɗora komi, domin akwai ɗan maballin da ake murɗawa a mai da ita baya. A auna kwando shi kaɗai a gabanka, kuma a jiƙe, tun da a jiƙe zai ɗauki kifin. Kada ka yarda da cirewar da aka yi da ka. A rataya sikelin a reshe ko a jikin turke, ba a hannu ba, ba kuma cikin jirgi ba. Kwando kada ya taɓa ƙasa ko ƙafar wani. Ka tsaya daidai fuskar sikelin, don in ka duba daga gefe allurar za ta yaudare ka. Kuma ka auna da wuri, saboda kifi in ya sha rana nauyinsa raguwa yake yi.

Akwai wani abu guda. Wasu sikeli layin lamba biyu gare su, na kilo da na laba. Kilo ɗaya ya fi laba biyu da kaɗan, kilo 10 laba 22 ne. Mai son zuciya sai ya saya da kilo, ya sayar da laba. A kula.

Daga ƙarshe, malam, in ka mallaki sikeli, amana ta koma wuyanka. Tsane ruwan kifi kafin ka auna wa mai saye. Malamai sun sha karanta mana Suratul Muɗaffifin a kan masu tauye awo, kuma ba ta ware dillali ta bar masunci ba. In an tashi aiki ka goge shi, ka rataye shi a inuwa ba kaya a jikinsa, ka riƙa gwada shi da ruwa duk mako.

Allah Ya ba da sa'ar kamu. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.