Haƙƙin Matan Tsofaffin Soja da Marayunsu



Iyayenmu sun yi wa Faransa yaƙin 1939 zuwa 1945, sun je Indoshin, sun je Aljeriya. Da ta ga mulki zai kuɓuce mata, sai ta kafa doka a watan Disamba 1959, ta tsayar da fanshonsu wuri ɗaya. Na Bafaranshe yana hawa, na baƙar fata yana tsaye. Sai da Amadu Diop, tsohon saje ɗan Senegal, ya kai ƙara. Kotu ta ba shi gaskiya a 2001, amma ya riga ya rasu.

Daga 2011 aka daidaita kuɗin. Sojan da ya rasu da fansho, matarsa tana da rabi, in da kishiyoyi su raba. Maraya yana da nasa har ya cika shekara 21. To, amma ba a biya sai an nema a rubuce, ofishin kuwa yana can La Rochelle, ga ofishin jakadancinsu na Yamai an rufe a 2024.

Kuma auren iyayenmu mata a zaure aka ɗaura shi, da goro, ba takarda. Wanda ke da irin wannan tsohuwa a gida, ya nemo littafin sojan mijinta, ya kai ta kotu da shaidu a yi mata takardar aure, tun shaidun suna da rai.