Jawabin Baƙo Mai Jawabi: Makomar Likitan da Bai Samu Gurbin Ƙwarewa Ba

 

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu likita ne, ya zo gaishe ni kansa a sunkuye. Da na tambaye shi abin da ke damun sa, sai ya ce shekara uku ke nan yana neman gurbin horon ƙwarewa bai dace ba, har ya fara jin nauyin zuwa gida, domin kowa tambayar sa yake yaushe zai zama babban likita. Wannan magana ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zaɓe ta a yau.

Da farko ya kamata iyaye su fahimci yadda tafiyar take. Yaro kan yi shekara 6 a jami'a, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai wata shekarar ta yi wa ƙasa hidima. Da zarar ya kammala shekarar sanin makamar aiki yake zama cikakken likita mai rajista. In yana son ƙwarewa a fanni ɗaya, kamar tiyata ko cututtukan yara, sai ya ci jarrabawar share fage ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta Afirka ta Yamma. Cin jarrabawar kuwa ba shi ne samun gurbi ba. Sai wani asibitin da aka amince da shi, kamar asibitocin koyarwa na Sakkwato da Shika da Kano, ya buɗe ɗaukar ma'aikata. Gurabe kaɗan ne, masu nema da yawa. Saboda haka wanda bai samu ba, ba lalle ne ya zama rago ba.

To, ina ya dosa? Hanya ta farko ita ce aikin babban asibiti, inda likita ke duba duk wanda ya zo. Ku tambayi kanku, me ke kashe mutanenmu tsakanin Kasuwar Daji da Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi? Zazzaɓin cizon sauro ne, da amai da gudawa, da ƙyanda, da tamowa, da zubar jini wajen haihuwa. Mafi yawan waɗannan likitan gama-gari na iya maganin su. Matar da naƙuda ta tsananta mata cikin dare ba ta tambayar yawan takardun likita; wanda ke kusa ya kuma iya aikinsa take bukata, kafin a ce sai an kai ta Gusau.

Hanya ta biyu ita ce kiwon lafiyar al'umma. Ba mu manta da gubar dalma ta 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ba, wadda ta hallaka yara kimanin 400, ko annobar sanƙarau da ta ɓulla ta wajen Zurmi a ƙarshen 2016. Masu bin sawun cuta ƙauye-ƙauye su suka yi babban aiki a lokutan nan, kuma da irin ƙoƙarinsu aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar shan-inna daga Afirka a 2020. Likita na iya yin digiri na biyu a wannan fanni a Zariya ko Kano ko Sakkwato, ya yi aiki da gwamnati ko ƙungiyoyin agaji irin su MSF. Akwai kuma gudanar da mulkin asibiti, da koyarwa, da buɗe asibitin kansa bisa ƙa'ida. Marigayi Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, da aikin likitan gwamnati ya fara, ga shi yau babban asibiti a Kaduna na ɗauke da sunansa.

Ba na cewa a daina neman ƙwarewa, domin muna bukatar ƙwararru. Cewa nake a ci gaba da nema hannu na kan aiki, don likitan da ya zauna jira hannunsa mutuwa yake yi. Ban kuma manta da halin tsaro da muke ciki ba. Ba adalci ba ne mu kira ɗan wani ya dawo gida alhali mu kanmu muna birni, ba mu tanadar masa ko wurin kwana ba.

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abubuwa uku. Mu tattara sunayen likitocinmu matasa, manyanmu da ke asibitocin koyarwa su riƙa sanar da su in an buɗe gurbi. Mu ware wani abu daga asusunmu don kuɗin jarrabawar masu ƙaramin ƙarfi. Mu kuma samar da masauki mai kyau ga duk likitan da ya yarda ya yi aiki a yankinmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma iyaye, ku sassauta tambaya, ku yawaita addu'a. Wani jinkirin alheri ne. Allah Ya shiryi zuri'armu, Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.